Ƙaurar wasannin bidiyo zuwa kwamfuta: me ke lalata ingancinsu, kuma wa ke ɗaukar asarar?

A ranar 23 ga watan Yunin 2015 kamfanin Warner Bros. ya fitar da wasan Batman: Arkham Knight a kan PlayStation 4 da Xbox One da kuma kwamfuta. Masu na'urorin wasa sun samu abin da aka yi musu alkawari. Masu kwamfuta kuwa, duk da cewa su ma cikakken kuɗi suka biya, sun tarar da wasa mai sarƙewa da tsayawa cik, wanda aka ƙayyade gudunsa, aka kuma rasa wasu kayan ƙawar hoto da ke cikin na PlayStation. Washegari kamfanin ya dakatar da sayar da wasan a kwamfuta, kuma bai dawo da shi kasuwa ba sai ranar 28 ga Oktoba.

Wannan lamari ya zama abin kafa misali a duk lokacin da ake maganar ingancin wasannin da aka ɗauko daga na'urorin wasa aka kai kwamfuta. Aikin yana da wahalar gaske ta fuskar fasaha. Sai dai tarihin shekaru kusan ashirin ya nuna cewa wahalar fasaha ita kaɗai ba ta lalata wasa. Abin da ke raba mai kyau da marar kyau shi ne lokacin da kamfani ya ware da kuɗin da ya zuba, kuma kamfanoni sun fi ware su a inda mai saye ke da ikon karɓo kuɗinsa.

Mece ce ƙaurar wasa?

Na'urar wasa, irin su PlayStation ta kamfanin Sony da Xbox ta Microsoft da Switch ta Nintendo, inji ne da aka ƙera musamman domin wasa. Idan aka gina wasa domin irin wannan inji, sannan aka sake masa fasali ya yi aiki a kwamfutar da ke amfani da Windows, an ƙaurar da shi ke nan. Wani lokaci ƙaurar kan zo bayan shekaru, kamar wasan Red Dead Redemption da ya fito a na'urorin wasa a 2010 amma bai isa kwamfuta ba sai Oktoban 2024. Wani lokaci kuma a rana ɗaya ake fitar da su, sai dai na'urar wasa ce aka sa a gaba wajen gini, kwamfuta ta biyo baya.

Ba kullum ne kamfanin da ya ƙirƙiro wasan ke yin aikin da kansa ba. Sau da yawa akan ba wani kamfani kwangila. Kamfanin Rocksteady na Landan ne ya ƙirƙiro Arkham Knight, amma Iron Galaxy na Amurka ne ya yi aikin kai shi kwamfuta. Mawallafi, wato kamfanin da ya zuba jari kuma yake sayar da wasan, shi ne ke yanke ranar fitarwa da adadin kuɗin da za a kashe, don haka a kansa alhakin ƙarshe yake.

Inji guda da injuna dubbai

Tushen matsalar shi ne kowace PlayStation 5 ta samfuri ɗaya daidai take da 'yar'uwarta a ƙarfi, ko a Tokyo take ko a Alƙahira. Mai gina wasa ya san furosesar da ke ciki, ya san girman ma'adanar bayanai da saurin faifan ajiya. In wasan ya yi aiki a kan guda ɗaya, zai yi a kan miliyoyi. Kwamfuta ba haka take ba. Furosesa na iya zama ta Intel ko AMD, katin hoto na Nvidia ko AMD ko Intel, kowanne da tsararraki da yawa, kowanne da manhajar direba da ke canjawa lokaci zuwa lokaci. Babu ɗakin gwajin da zai iya haɗa kowane irin gauraye na waɗannan kayan.

Bambanci na biyu yana cikin ma'adanar wucin gadi. PlayStation 5, wadda ta fito a Nuwamban 2020, tana da gigabayit 16 da furosesa da sashen hoto ke ɗiba daga rumbu ɗaya. A kwamfuta rumbun biyu ne: na babban inji daban, na katin hoto daban, kuma dole a riƙa kwashe bayanai daga wannan zuwa wancan. Katunan hoto masu matsakaicin farashi da yawa gigabayit 8 kawai suke da shi. Wasan da aka gina bisa tsammanin rumbu ɗaya mai faɗi, idan ba a sake masa tsari ba, zai cika ƙaramin rumbun katin, daga nan sai hotuna su dusashe ko wasan ya rufe kansa.

Na uku shi ne abin da 'yan wasa suka fi kuka da shi a shekarun nan, wato in'ina. Kowane wasa na zamani yana ɗauke da dubban ƙananan manhajoji da ke faɗa wa katin hoto yadda zai zana haske da inuwa da ruwa da fatar mutum. Kafin katin ya fahimce su sai an fassara su zuwa yarensa. A na'urar wasa an riga an yi fassarar tun a kamfani, tunda katin iri ɗaya ne. A kwamfuta kuwa dole a yi ta a kan injin mai saye. Idan masu ginin suka bari sai ana cikin wasa ake fassarar, hoto zai ɗan daskare duk lokacin da sabon abu ya bayyana: fashewa ta farko, ruwan sama na farko, sabon abokin gaba. Idan suka tattara fassarar zuwa farkon wasa, in'inar za ta ragu, amma mai saye zai zauna jira. Zuwan DirectX 12 a 2015 da Vulkan a 2016, manhajojin da ke haɗa wasa da katin hoto, ya ba masu gini iko mai yawa a kan katin, ya kuma ɗora musu nauyin da a da manhajar direba ke ɗauka. Wannan matsala ta yi ƙamari a wasanni da dama da aka gina da injin Unreal Engine 4.

Akwai kuma batun warware bayanan da aka dunƙule. PlayStation 5 na da sashe na musamman da ke wannan aiki yayin da bayanai ke fitowa daga faifai. A kwamfuta furosesa ce ke ɗaukar nauyin, bayan sauran ayyukan da ke kanta. Microsoft ya fitar da fasahar DirectStorage domin rage wannan nauyi, kuma wasan Ratchet & Clank: Rift Apart, da ya isa kwamfuta a Yulin 2023, yana cikin waɗanda suka fara amfani da ita wajen miƙa aikin ga katin hoto.

Gudun hoto da abin da ke ɗaure da shi

Motsin da ido ke gani a allo hotuna ne ke bin juna da sauri. A gudun hotuna 30 a daƙiƙa, inji na da kimanin kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa ya zana kowanne. A gudun 60 lokacin ya ragu zuwa ƙasa da kashi 17. Tsofaffin wasannin na'urori da yawa an gina su ne a kan 30, har aka ɗaure lissafin motsi da na faɗa da wannan adadi. Idan aka kai su kwamfuta aka saki gudun ba tare da kwance ɗaurin ba, abubuwa sai su rikice. A wasan Dark Souls II na 2014, makaman ɗan wasa sun riƙa lalacewa da sauri fiye da ƙima a gudun 60, domin wasan na lissafa lalacewar ne da yawan hotunan da makami ya yi yana taɓa abu. Sai daga baya aka gyara.

Masu auna inganci ba su tsaya a matsakaicin adadin hotuna ba. Wasa na iya nuna 60 a lissafi amma ya zama abin takaici idan hoto ɗaya a kowace daƙiƙa biyu ya makale. Shi ya sa kafofin da suka ƙware a wannan fanni, irin su Digital Foundry ta Birtaniya, suke auna tazarar da ke tsakanin kowane hoto da na gaba. Bayan wannan ana duba ko wasan na karɓar linzamin kwamfuta da allon maɓallai yadda ya kamata, ko ana iya sauya aikin maɓallan, ko yana cika allo mai faɗi, da kuma ko saitunan hoto na da tasiri na gaske. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi shafar mai ƙaramin ƙarfi. Ƙaura mai kyau ita ce wadda mai tsohuwar kwamfuta zai rage saituna wasan ya gudu lafiya, mai sabuwa kuma ya ƙara su ya ga bambanci.

A 'yan shekarun nan an samu fasahohin da ke zana hoto da ƙarancin ɗigo sannan su faɗaɗa shi: DLSS na Nvidia, FSR na AMD da XeSS na Intel. Suna taimaka wa ƙananan katuna matuƙa, amma masu sharhi da dama na zargin cewa wasu kamfanoni sun mayar da su madogara a maimakon tace wasan. Rashin su ma kan jawo ce-ce-ku-ce. Wasan Starfield ya fito a Satumban 2023 da FSR kaɗai, 'yan sa-kai suka saka masa DLSS da kansu, kafin kamfanin Bethesda ya ƙara shi a hukumance a watan Nuwamba.

Daga 2007 zuwa yau

A zamanin PlayStation 3 da Xbox 360, ƙirar furosesar na'urorin wasa ta sha bamban da ta kwamfuta, musamman furosesar Cell ta PlayStation 3. Mawallafa da dama a lokacin kallon kwamfuta suke yi a matsayin matattarar masu satar fasaha, ba su ga dalilin kashe mata kuɗi ba. Resident Evil 4 ya isa kwamfuta a 2007 ba tare da karɓar linzami ba, kuma an rasa wasu kayan haske a fitowarsa ta farko. Grand Theft Auto IV ya zo a Disambar 2008 da nauyin da ya fi ƙarfin yawancin kwamfutocin zamanin, ga tarin manhajojin rajista da na tsaro da ake tilasta wa mai saye.

Labarin Dark Souls ya nuna wani ɓangare na daban. Dubban masoya ne suka sa hannu a takardar roƙo kafin kamfanin FromSoftware na Japan da mawallafinsa Namco Bandai su kai wasan kwamfuta a Agustan 2012. Da ya zo, an kulle yawan ɗigon hotonsa a 1024 da 720 komai girman allo, gudunsa kuma a 30. Wani masanin kwamfuta, Peter Thoman, wanda aka fi sani da Durante, ya fitar da gyara mai suna DSfix kyauta tun a ranakun farko, ya buɗe kullen. Daga baya yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin PH3 Games, wanda sana'arsa ita ce kai wasanni kwamfuta. Haka ya faru da Nier: Automata, wanda ya fito a kwamfuta a Maris 2017 da matsalolin hoto, 'yan wasa suka dogara da gyaran wani ɗan sa-kai, mawallafinsa Square Enix bai fitar da faci na hukuma ba sai Yulin 2021. A lokuta biyun, kamfani ne ya karɓi kuɗi, 'yan sa-kai suka kammala aiki.

Da PlayStation 4 da Xbox One suka fito a 2013 ɗauke da furosesar AMD mai ƙira irin ta kwamfuta, an yi zaton matsalar ta kau. Arkham Knight, shekaru biyu bayan haka, ya nuna akasin haka. Ko bayan dawowarsa a Oktoba, kamfanin ya ba masu Windows 10 shawarar samun ma'adanar gigabayit 12, adadi mai yawa a lokacin, sannan ya buɗe ƙofar mayar da kuɗi ga kowa har ƙarshen 2015 ba tare da la'akari da tsawon lokacin da mutum ya yi yana wasa ba.

Shekarar 2023 ta sake tayar da maganar. The Last of Us Part I ya isa kwamfuta a ranar 28 ga Maris, makonni kaɗan bayan kammala zangon farko na shirin talabijin da tashar HBO ta yi a kan labarinsa. Masu saye sun yi ta ƙorafin dogon jiran fassarar manhajojin hoto, wanda a wasu injuna ya wuce awa guda, da rufewar wasa, da cikar rumbun katuna masu gigabayit 8. Kamfanin Naughty Dog ya shafe watanni yana fitar da faci bayan faci. Wata guda bayan nan, a 28 ga Afrilu, Star Wars Jedi: Survivor ya fito, kuma kamfanin EA ya fitar da sanarwa yana amincewa cewa wasan bai kai matsayin da ya kamata ba a wurin wani kaso na masu kwamfuta. Wasan Monster Hunter Wilds na Capcom, da ya fito a Fabrairun 2025, shi ma ya sha suka mai yawa a Steam saboda nauyinsa.

Ƙofar da babu mai gadi

Kafin wasa ya fito a PlayStation ko Xbox ko Switch, sai ya bi ta tantancewar mai na'urar. Sony da Microsoft da Nintendo kowanne na da jerin sharuɗɗan da dole a cika, kamar yadda wasa zai yi idan aka cire abin sarrafawa ko intanet ta ɗauke. Wannan tantancewa ba ta hana wasa marar kyau fita gaba ɗaya, kamar yadda Cyberpunk 2077 ya nuna a Disambar 2020, lokacin da na PlayStation 4 ya lalace har Sony ya cire shi daga shagonsa na kusan watanni shida. Duk da haka tana tilasta wa mawallafi ya kammala na na'urorin wasa da wuri. Steam, shagon kamfanin Valve da aka buɗe a 2003 wanda shi ne mafi girma a kasuwar wasannin kwamfuta, ba ya irin wannan zuzzurfan gwaji. Idan lokaci ya ƙure, ɓangaren da babu mai hana shi fita shi ake bari a baya, da niyyar a gyara bayan an sayar.

Makullan hana satar fasaha na ƙara nauyi a wasu lokuta. Wanda ya fi shahara shi ne Denuvo, manhajar wani kamfanin ƙasar Ostiriya da ta bayyana a 2014. Ana taƙaddama kan girman tasirinsa ga gudun wasa, domin ya danganta da yadda aka saka shi. Sai dai akwai misali ɗaya da ya fito fili. A 2021 an gano cewa kwafin Resident Evil Village da aka fasa makullansa ba ya in'inar da halastaccen kwafi ke yi a wasu wuraren faɗa. Capcom ya fitar da faci a watan Yuli da ya gyara yadda tsaron ke aiki. Kafin facin, wanda ya biya kuɗi ne ke shan wahalar da ɓarawo ba ya sha.

Inda aka yi aikin da kyau

Kamfanin Rockstar, wanda ya sha suka kan Grand Theft Auto IV, ya jinkirta kai Grand Theft Auto V kwamfuta har zuwa Afrilun 2015, fiye da shekara ɗaya da rabi bayan fitowarsa a na'urori a Satumban 2013. Sakamakon ya zama wasa mai saituna masu yawa da ke gudu a kan manya da ƙananan injuna.

Sony ma ya bi irin wannan hanya. Horizon Zero Dawn ya isa kwamfuta a Agustan 2020 da rufewa da in'ina, aka ɗauki watanni ana gyara. A Yulin 2021 Sony ya sayi Nixxes Software, kamfanin birnin Utrecht na ƙasar Holan da ya yi suna wajen kai wasannin Tomb Raider da Deus Ex kwamfuta. Ayyukan da suka biyo baya, kamar Marvel's Spider-Man Remastered a Agustan 2022 da Ghost of Tsushima a Mayun 2024, sun samu yabo. God of War, wanda kamfanin Jetpack Interactive ya taimaka wajen kai shi kwamfuta a Janairun 2022, shi ma ya samu karɓuwa, abin da ke nuna cewa ba da kwangila ba laifi ba ne idan an ba ɗan kwangilar lokaci. Ƙwarewa ma ba ta zama tabbaci ba, domin Marvel's Spider-Man 2, aikin Nixxes ɗin dai, ya fito a Janairun 2025 da ƙorafin rufewa.

Valve ya nuna wata dabara da ƙaramar kwamfutar hannu ta Steam Deck, wadda ta fito a Fabrairun 2022. Tunda ƙirarta ɗaya ce, kamfanin na iya rarraba manhajojin hoton da aka riga aka fassara, kamar yadda ake yi a na'urar wasa. Ya kuma ƙirƙiro tambarin da ke nuna wa mai saye ko an gwada wasa a kanta da kuma yadda ya yi.

Haƙƙin mai saye

Ba a rasa dalilin da ya sa Warner Bros. ya janye Arkham Knight cikin kwana guda ba. Makonni uku kafin fitowarsa, a farkon Yunin 2015, Steam ya fara tsarin mayar da kuɗi ga duk wanda ya nema cikin kwanaki 14 da saye, matuƙar bai yi wasan sama da awa biyu ba. Kafin wannan, wanda ya sayi lalataccen wasa a shagon kusan ba shi da mafita. Bayan tsarin, kowane ƙorafi na iya komawa kuɗin da zai fita daga asusun mawallafi.

Tsarin ya zo ne a daidai lokacin da Valve ke gaban kotu. A Agustan 2014 hukumar kula da gasa da haƙƙin masu saye ta Ostareliya ta maka kamfanin a kotun tarayya kan yadda yake gaya wa masu saye cewa ba su da haƙƙin karɓar kuɗinsu. Valve ya yi jayayya da cewa dokar ƙasar ba ta hau kansa ba, kotu ta ƙi amincewa, kuma a Disambar 2016 ta ci shi tarar dalar Ostareliya miliyan 3. Birtaniya ta saka kayan dijital cikin dokarta ta haƙƙin masu saye ta 2015. Tarayyar Turai ta zartar da umarni mai lamba 2019/770, wanda ya fara aiki a 1 ga Janairun 2022, da ke ba mai saye damar neman gyara ko ragin farashi ko soke ciniki idan kayan dijital bai yi daidai da abin da aka sayar masa ba.

Tsarin awa biyun na da giɓi. Agogon na tafiya ne muddin wasan na buɗe, don haka lokacin da aka ɓata ana jiran fassarar manhajojin hoto ko ana gwada saituna duk yana ciki. Wasu matsalolin kuma ba sa bayyana sai an yi nisa, bayan an wuce wuraren farko da aka fi tacewa.

Ƙasashen da ba a lissafa ba

Inganci ya haɗa da ko za a bar mutum ya yi wasan da ya saya. Helldivers 2, na kamfanin Arrowhead na ƙasar Suwidin wanda Sony ya wallafa, ya fito a Fabrairun 2024 ya kuma samu kasuwa sosai a Steam. A farkon Mayu Sony ya sanar cewa dole masu kwamfuta su haɗa wasan da asusun PlayStation Network. Wannan sabis ɗin ba ya aiki a hukumance a ƙasashe da yawa, kuma a nahiyar Afirka ƙasar Afirka ta Kudu ce ke cikin jerin, babu Najeriya ko Nijar ko Ghana. An cire wasan daga kasuwar Steam a ƙasashe da yankuna sama da 170. Bayan ruwan suka da buƙatun mayar da kuɗi, Sony ya janye sharaɗin cikin 'yan kwanaki. A farkon 2025 kamfanin ya sassauta irin wannan sharaɗi a wasu wasanninsa na mutum ɗaya.

Ga mai saye a Kano ko Yamai ko Kumasi, asarar lalatacciyar ƙaura ta wuce farashin wasan, wanda ga manyan wasanni yakan kai dala 60 zuwa 70. Star Wars Jedi: Survivor ya buƙaci sararin gigabayit 155 a faifai. Ko Steam ya mayar da kuɗin wasa, babu mai mayar da kuɗin datar da aka ƙone wajen sauke shi, kuma kowane babban faci wata datar ce. Wanda ke amfani da kwamfutar da ta kwana biyu shi ne farkon wanda rashin tace wasa ke kayarwa, tunda ba shi da rarar ƙarfin injin da zai rufe sakacin masu gini.

Najeriya na da dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, da hukumar FCCPC da ke aiwatar da ita. Tarar dala miliyan 220 da hukumar ta ci kamfanin Meta a Yulin 2024, kan batun bayanan masu amfani da manhajojinsa, ta nuna cewa tana iya tunkarar manyan kamfanonin fasaha na waje. Misalin Ostareliya kuma ya nuna cewa zaman kamfani a wata ƙasa ba ya fitar da shi daga dokar ƙasar da yake sayar da kaya a cikinta.

Abin dubawa kafin saye

Masu bibiyar fannin sun daɗe suna ba da shawarar a guji biyan kuɗin wasa kafin ya fito, domin sharhin da ake wallafawa gabanin fitowa sau da yawa a kan na'urar wasa ko kwamfuta mai ƙarfin gaske ake yin sa. Ra'ayoyin masu saye a Steam an raba su gida biyu, na gaba ɗaya da na kwanan nan, kuma na kwanan nan ne ke nuna ko faci ya yi aiki. Yana da amfani a nemi gwajin da aka yi da katin hoto irin na mai saye, a kuma lura da girman ma'adanar katin, ba sunansa kaɗai ba. Shafin kowane wasa a Steam na nuna ko yana ɗauke da makulli irin Denuvo ko yana buƙatar asusun wani kamfani, kuma a kan wannan ne mazaunin ƙasar da ba ta cikin jerin ya kamata ya fara tsayawa. Wanda ya saya kuma ya ga alamar matsala, gara ya nemi kuɗinsa kafin awa biyu ta cika, domin wasan zai iya gyaruwa bayan watanni, kuma a lokacin farashinsa yakan sauko.